Warin kamfanin narkar da roba ya hana mu barci: ina mafita?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina tambayar mutanen layinmu da na bayan masallacin Juma'a, ku ma kuna jin abin da muke ji da daddare kuwa? Da an idar da Isha'i sai ƙaurin roba ya taso daga kamfanin nan na bayan kwata, ya cika gida har cikin ɗaka. Mun toshe taga da tsumma, mun kunna turaren wuta, duk a banza. Jiya sai da na tashi tsakar dare na zaunar da Ilham, ƙirjinta na ƙugi, tana jan numfashi da kyar. Da safe idan na shafa kan randa sai in ga baƙin gari a hannuna. Wanki ma na daina shanya shi a waje. Na gaji da yin shiru, shi ya sa na kawo maganar nan.

Hajiya Ladidi: Wa alaikumus salam 'yata. Ba ke kaɗai ba ce. Ni da nake da hawan jini, kwana nake da ciwon kai. Kuma ba ƙaurin kaɗai ba, ruwan da suke sakowa cikin kwata ma wani irin ɗoyi yake. Allah ya ba yarinya lafiya.

Kamalu: Maganar gaskiya mun yi sanyi da yawa. Mu tara matasa ranar Asabar mu je mu rufe musu ƙofa, babu motar da za ta shiga ko ta fita. Idan ba su ji a jikinsu ba, ba za su saurare mu ba.

Malam Habibu (mai kula da zaure): Kamalu, a yi haƙuri. Kafin kowa ya ci gaba, ga doka: kada a kama sunan kamfani, kada a sa hoton mai shi ko lambarsa, kada a zagi kowa. Duk mun san wurin da ake nufi. Wanda ya kira tashin hankali zan goge saƙonsa. A ci gaba da magana.

Sagir: Salam. Ni a can nake aiki, kuma a unguwar nan aka haife ni, kowa ya san gidanmu. Anti Maman Ilham, Allah ya ba Ilham lafiya, wallahi ban ji daɗin jin haka ba. Amma ina roƙon a duba ɗaya ɓangaren. Kafin wurin nan ya buɗe, mu nawa ne muke zaune a bakin titi ba aikin fari ba na baƙi? Yanzu akwai masu ware roba, akwai masu wanki, akwai masu injin niƙa, akwai matan da suke tsince leda ana biyansu kullum. Ban da 'yan jari bola da suke kawo kaya a kura daga ko'ina a garin nan. Kuma robar nan da muke narkarwa, da ba mu saye ta ba ina za ta? Cikin kwata za ta, ta toshe, damina ta zo ruwa ya ci gidajenmu. Idan aka rufe wurin, wa zai ciyar da mu?

Maman Ilham: Sagir ƙanena, ban ce a hana ka neman abinci ba. Amma kuɗin da nake kai wa kemis duk wata, wa yake biya na? Kai kana karɓar albashi a kan hayaƙin, ni da 'yata kyauta muke shaƙa.

Injiniya Bashir: Bari in sa baki, don na yi aiki a masana'antu a Sharaɗa da Challawa, na san yadda irin wannan wuri yake tafiya. Sagir zai gyara mini idan nasu ya bambanta.

Roba idan ta zo daga bola, ana ware ta, a wanke, a niƙa, sannan a zuba a injin da yake narkar da ita ya fito da ita kamar taliya, ta bi ta cikin ruwa ta huce, a daddatsa ta ƙanana a sayar wa masu yin bokiti da buta da takalmi. Idan injin yana kan zafin da ya dace, kuma robar iri ɗaya ce mai tsabta, warin ba ya kai yadda kuke faɗa. Matsalar a wuri uku take fitowa. Akwai wata ragar ƙarfe a bakin injin da take tace datti. Tana toshewa sau da yawa a rana, kuma maimakon a sa sabuwa, sai a tara tsofaffin a cinna musu wuta a fili don robar da ta daskare a jiki ta ƙone a sake amfani da su. Wannan shi ne baƙin hayaƙin da yake sauka a kan randar Maman Ilham. Sai kuma tarkacen da ba ya sayuwa, tsumma, soso, ledar biskit mai ƙyalli, robar da ta gauraya. Kai shi juji kuɗin mota ne, ƙona shi a bayan katanga kyauta ne. Na ukun shi ne ruwan wanki. Robar bola tana zuwa da ragowar abinci da mai da komai, a wanke da soda, a saki ruwan a kwata ya kwanta ya ruɓe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne robar PVC, irin ta bututun ruwa da bawon wayar lantarki da wasu takalma. Idan ta ƙone tana fitar da iska mai ƙona maƙogwaro da ido, tana kuma haifar da wata guba da ake kira dayoksin, wadda take sauka a ƙasa, kaji su tsattsaga, ta taru a ƙwai da kitse. Ita ba a jin warinta ma.

Sagir: Injiniya, maganar raga gaskiya ce, ana ƙona ta. Ba zan ɓoye ba. Amma ba mu muke yanke hukunci ba, abin da aka ce mu yi shi muke yi.

Hajiya Ladidi: To me ya sa sai da daddare? Da rana ba ma jin sa haka.

Injiniya Bashir: Hajiya, dalili biyu ne. Wasu da gangan suke bari sai dare, lokacin da babu jami'in da zai zo. Amma ko da rana da dare ɗaya suke ƙonawa, da daddare za ku fi ji, musamman yanzu da hunturu. Da rana ƙasa tana da zafi, iska tana tashi sama ta tafi da hayaƙin. Da dare ƙasa ta huce, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama, sai hayaƙin ya rasa hanyar fita ya bi layi-layi yana shiga gidaje. Sai rana ta ɗaga yake watsewa.

Nas Hadiza: Ina aiki a ɓangaren yara, bari in faɗi abin da ya shafe ni. Yaro ya fi babba saurin numfashi, kuma huhunsa bai gama ƙwari ba, don haka abin da babba zai jure shi zai kwantar da shi. Mai asma kuwa hayaƙi yana cikin manyan abubuwan da suke tayar masa da ita. Maman Ilham, ina roƙonki ki daina turaren wuta a ɗakin da take kwana, da maganin sauro na kunnawa, hayaƙi ne a kan hayaƙi. Ki kai ta asibiti a duba ta sosai, a rubuta mata abin shaƙa idan ya kama, kada ki tsaya a kemis. Idan kika ga haƙarƙarinta na lotsawa in tana numfashi, ko ta kasa magana, ko leɓenta ya canza launi, ko ƙarfe nawa ne ku fita da ita. Kuma duk wanda ya je asibiti a kan tari ko ƙirji ko ido, ya gaya wa likita inda yake zaune da abin da yake shaƙa, ya ajiye katinsa. Zai yi amfani nan gaba.

Sagir, kai ma ina jin tsoro a kanka fiye da kowa. Mu daga nesa muke shaƙa, kai a bakin injin kake. Ana ba ku abin rufe hanci na kirki?

Sagir: Ƙyalle muke ɗaurawa, Anti. Wani lokaci a ba mu madara.

Nas Hadiza: Madara ciki take zuwa, hayaƙi huhu yake zuwa. Ba ta wanke komai. Wannan magana ta daɗe tana yawo a masana'antu kuma tana cutar da ma'aikata, don tana sa su ɗauka an kare su.

Alhaji Tijjani: Ni na girmi yawancinku a zauren nan, bari in faɗi abin da ba za a so ji ba. Wurin nan da muke zaune gonaki ne da. Gwamnati ta ware yankin masana'antu tun da daɗewa, Bompai da Sharaɗa da Challawa, don a nisanta su da mutane. Mu ne muka bi su. Masu gonaki suka yanka awon igiya, muka saya da araha, ba taswira, ba kwata, ba a je hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ba. Yanzu mun zo mun manne da katangar masana'anta muna cewa tana damun mu. Wanda ya tarar da wani a wuri, shi ne zai ce masa tashi?

Sannan ku yi hattara da yawan kururuwa. Idan sunan unguwar nan ya fita a rediyo a matsayin unguwar wari, gidajenmu za su faɗi, 'yan haya su gudu.

Maman Ilham: Baba Alhaji, da girmanka, amma gidan da muke ciki ya girmi kamfanin nan. Lokacin da muka tare, wurin sito ne na ajiye buhunan hatsi. Babu wanda ya zo ya tambaye mu ranar da aka shigo da injuna. Kuma Baba, 'yan hayar ma ai mutane ne, su ma suna da yara.

Abban Sadiq: Gaskiyar Maman Ilham ce. Ni na ga ranar da aka sauke injin. Maganar Baba Alhaji ta hau kan manyan majemu da suka daɗe, ba ta hau kan wannan ba. Wannan a tsakiyar gidaje aka dasa shi.

Malam Nasiru: Bismillah. Tun da an zo kan wanda ya riga wani, wannan mas'ala ce da malamanmu na Malikiyya suka yi magana a kanta tun ƙarnoni da suka wuce. Asalinta hadisin nan da muka haddace a Arba'una, na 32, cewa babu cuta babu cutarwa. A kansa suka gina hukuncin hayaƙin gidan burodi da gidan wanka da warin majema. Sun bambanta cutar da aka tarar da ita da wadda aka ƙirƙiro daga baya. Idan mutane suna zaune, wani ya zo ya kafa abin da hayaƙinsa ko warinsa yake cutar da su, ana hana shi, ko ya yi dabarar da za ta kawar da cutar. Kuma sun ce ko wanda ya riga zuwa, idan ya ƙara girman aikinsa har cutar ta ƙaru, wannan ƙarin sabo ne, ana iya hana shi. Saboda haka ko da mun ɗauki maganar Alhaji, riga zuwa ba lasisi ba ne na yin yadda aka ga dama.

Ga kuma hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba. Mai kamfanin nan Musulmi ne, muna haɗuwa da shi a sahu. Ina ganin kafin a kai ƙara ko'ina, a same shi a gaya masa wannan ido da ido. Wataƙila bai taɓa kwana a unguwar ba balle ya san abin da ake ciki.

Kamalu: Allah gafarta Malam, an je fa. Bara dattawa sun je, aka ba su lemo, aka ce za a gyara, aka kawo buhunan shinkafa da azumi. Shi ke nan maganar ta mutu.

Alhaji Tijjani: Kamalu, ka iya bakinka. Ina cikin waɗanda suka je, kuma ba don shinkafa muka je ba.

Malam Habibu (mai kula da zaure): Kamalu, ka janye. Baba Alhaji, a yi masa afuwa, yaro ne.

Kamalu: Na janye, Baba ka yi haƙuri. Amma dai hayaƙin bai tsaya ba.

Barista Amina: Na karanta duka. Abin da ya kashe zuwan bara shi ne babu komai a rubuce. An yi magana da baki, an yi alkawari da baki, babu ranar da aka sa, babu wanda ya sa hannu.

Ga yadda doka take. Tun 1992 Najeriya take da dokar da ta wajabta a auna tasirin aiki ga muhalli kafin a fara duk wani aikin da zai iya cutar da shi, kuma a cikin tsarin akwai jin ta bakin mutanen da abin zai shafa. Akwai hukumar NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007, tana da ƙa'idoji a kan hayaƙi da ruwan masana'antu, tana da ikon shiga ta duba, ta ba da wa'adi, ta rufe wuri. Akwai ma'aikatar muhalli ta jiha, akwai 'yan duba-gari na ƙaramar hukuma, akwai KNUPDA a kan ko an ba da izinin mayar da sito masana'anta. Tambayar farko da za mu yi a takarda ita ce: wane izini wurin nan yake da shi, kuma wa ya ba shi?

Kotu ma tana nan. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare iska da ruwa da ƙasa, sai dai yana cikin babin da ba a cika iya kai ƙara a kansa kai tsaye ba. Amma a 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke cewa ƙona iskar gas a kusa da wani gari a Neja Delta ya saɓa wa haƙƙin rayuwa da mutunci. Ban da wannan, duk wanda maƙwabcinsa ya hana shi jin daɗin gidansa da hayaƙi ko wari yana da damar neman kotu ta dakatar da abin. Sai dai kotu tana cin lokaci da kuɗi, kuma hujja take nema, ba ɓacin rai ba. Ni a ganina ita ce ta ƙarshe.

Kamalu, ranar da kuka tare ƙofar nan, magana ta tashi daga hayaƙi ta koma ta tada zaune tsaye. Ku za a kama, shi kuma ya zama wanda aka zalunta.

Garba Abijan: Ina bin ku daga Kwaddibuwa, gidanmu na nan layin Hajiya Ladidi. Abin da ya sa ba na raina maganar wari, ina nan Abijan a watan Agustan 2006 lokacin da wani jirgin ruwa mai suna Probo Koala ya sauke dattin man fetur mai guba. Wani ƙaramin kamfani aka ba kwangilar ya sarrafa shi, sai ya ɗebe shi a tankoki da daddare ya zubar a jujin Akouédo da wasu wurare a cikin gari. Da wari aka fara, mutane suka tashi da safe suna jin kamar ruɓaɓɓen ƙwai da tafarnuwa. Kafin a ankara sama da mutum 100,000 sun je asibiti, hukuma ta tabbatar da mutuwar aƙalla 15. Gwamnati gaba ɗaya sai da ta yi murabus. Na san namu bai kai wannan ba, ban ce ya kai ba. Amma abin da na koya shi ne, wanda aka biya don ya kawar da datti, idan babu mai sa masa ido, hanya mafi araha zai bi, kuma hanyar nan ta bayan gidan talaka take wucewa.

Barista Amina: Yaya Garba, mu ma an yi mana a Koko, a jihar Delta ta yanzu. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a filin wani mutum ana biyansa dala 100 a wata. Wannan ne ya sa aka yi dokar datti mai guba, mai hukuncin ɗaurin rai da rai, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta farko a wannan shekarar.

Injiniya Bashir: Warin ruɓaɓɓen ƙwai da Garba ya ambata, ku kula da shi a kwatar nan tamu. Iskar haidirojin salfaid ce, tana fita daga ruwan datti da ya kwanta babu iska, kuma ita ce ake ji a kusa da majemu. Ta fi iska nauyi, tana taruwa a rami da ƙarƙashin kwalbati. Idan ta yi yawa sosai tana kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta tafi. Ita take kayar da masu shiga shadda da masu yasar rijiya. Don Allah ranar tsabtar ƙarshen wata kada a tura yara cikin kwalbatin nan.

Ɗan Lambu: Ni manomin rani ne, bari in ƙara muku wani abu. Ku kuna maganar hanci, ni ina maganar ciki. Ruwan kwata ba ya tsayawa a unguwa. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara har dam ɗin Wasai. A bakin ruwan nan ake noman latas da kabeji da alayyafo da karas da ake kawowa kasuwa. Wata rana ruwan ya zo ja, wata rana shuɗi, wata rana da kumfa. Mun san ba shi da kyau, amma da rani wane ruwa gare mu? Kakanninmu da bagaruwa suke jima, ruwanta bai kashe ƙasa ba. Na yanzu da sinadarin kiromiyam ake yi. Idan za a rubuta takarda, a sa maganar ruwa, kada a tsaya a hayaƙi.

Nas Hadiza: Tambaya ɗaya Sagir, kuma ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Ana fasa tsofaffin batiran mota a wurin?

Sagir: A'a Anti, mu roba kawai muke yi. Amma ana kawo mana bawon batir wanda aka riga aka fasa, muna niƙawa. Masu fasawar suna can wajen 'yan gwangwan.

Nas Hadiza: To wannan ya fi hayaƙin tayar mini da hankali. Bawon batir yana ɗauke da ragowar dalma. Dalma ba ta da wari, ba ta sa tari, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba shi da illa. Kun tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje. Ƙura ce kawai, a tsakar gida, a jikin tufafi. Sagir, kada ka ƙara shiga gida da kayan aikinka. Ka yi wanka ka canza kafin ka ɗauki ɗanka, kuma kada a haɗa wankinsu da na yara.

A Mombasa ta Kenya an yi irin wannan a unguwar Owino Uhuru, inda aka kafa wurin narkar da batir a jikin gidajen mutane. Wata mata, Phyllis Omido, a kamfanin take aiki, sai da ɗanta ya kwanta aka gano dalma a jininsa. Ita ta tsaya tare da mutanen unguwar har aka rufe wurin a 2014, kuma a 2020 kotu ta ce a biya su diyyar shilin biliyan 1.3. Da gwajin jini suka yi nasara.

Sagir: Innalillahi. Wallahi ban san wannan ba. Ɗana ko yaye shi ba a yi ba.

Alhaji Tijjani: Maganar dalmar nan ta girgiza ni, jikokina a layin suke wasa. Har yanzu ina kan bakana cewa kada a kai mu rediyo, kuma ban yarda a rufe wurin da yaranmu suke ci ba. Amma idan takarda za a rubuta cikin mutunci, ni zan kai ta wurin mai unguwa da hannuna, daga nan a wuce wurin dagaci.

Abban Sadiq: Ni kuma ban yarda a cire rufewa daga lissafi ba, Baba. Idan ya san ba za mu taɓa neman a rufe ba, me zai sa ya kashe kuɗinsa? Wurin da ya dace da shi yankin masana'antu ne, akwai rumfunan da suka mutu a can babu kowa a ciki.

Injiniya Bashir: Tashi yana da tsada, ba zai yi shi a wata ɗaya ba. Amma akwai abin da zai iya yi a makon nan ba tare da ya sallami ko mutum ɗaya ba. Ya daina ƙona raga da tarkace kwata-kwata, ya yi yarjejeniya da motar kwasar shara. Ya daina karɓar PVC da bawon batir. Ya haƙa ramukan siminti biyu ko uku a jere, ruwan wanki ya kwanta dattin ya zauna kafin ya fita. Ya sa rumfar zuƙe hayaƙi a kan injin da bututu mai tsawo da matata, don dogon bututu shi kaɗai gaba kawai yake tura matsalar. Ya saya wa ma'aikata abin rufe hanci na gaske da safar hannu. Idan ya ƙi waɗannan, to Abban Sadiq ya yi gaskiya.

Barista Amina: Waɗannan su za mu sa a takarda, kowanne da wa'adinsa. Daga yau kowane gida ya samu littafi: kwanan wata, ƙarfe nawa warin ya fara, ƙarfe nawa ya tsaya, wane iri ne, wa ya yi rashin lafiya. A ɗauki bidiyon hayaƙin daga cikin gidajenmu, kada kowa ya haura katangarsu. Kwafi ɗaya ga mai kamfani, ɗaya ga mai unguwa, kuma duk inda aka kai a buga mana hatimin karɓa a namu. Idan wa'adi ya cika ba a ga komai ba, sai mu wuce ma'aikatar muhalli da NESREA da littattafanmu da katunan asibiti.

Maman Ilham: Barista, a wajen sa hannu kada a ce sai masu gida. Mu mata mu muke wuni a unguwar, mu muke kwana da yaran a asibiti. Da 'yan haya, da matan da suke tsintar leda a wurin idan sun yarda.

Barista Amina: Duk wanda yake kwana a unguwar zai sa hannu. Wadda ba ta fita, za a kai mata takardar har gida, ni da Nas Hadiza za mu zagaya.

Malam Habibu (mai kula da zaure): To za a zauna ranar Asabar bayan La'asar a makarantar Islamiyya, akwai ɓangaren mata. Injiniya ka zo da jerin gyare-gyaren a rubuce. Malam Nasiru da Baba Alhaji su za su jagoranci zuwa wurin mai kamfani. Kamalu, kai da abokanka ku za ku raba littattafan gida-gida.

Sagir: Zan zo in sha Allah, amma don Allah kada a sa sunana a takarda, kuma kada a ɗauki hoton abin da na faɗa a nan a tura waje. Anti Hadiza, a ina ake gwajin dalmar nan, kuma nawa ne?

Nas Hadiza: Ba kowane asibiti yake yi ba. Zan tambaya a wurin aiki gobe in kira ka. Kafin nan ka fara da canza kayan.

Malam Habibu (mai kula da zaure): An ji roƙon Sagir. Duk wanda ya fitar da saƙonsa daga zauren nan, zan cire shi.